Wasiƙar da Ba a Sa wa Hannu Ba

Malama Ƙulli ta kai takardar kusa da fuskarta har ta kusa taɓa hancinta, ta yi kamar tana karantawa, sannan ta miƙa wa shugaban makaranta abarsa. Ta ce ta baro tabarau a aji, ya karanta mata. Ƙarya take yi. Tabarau yana cikin jakarta, sai dai ya daɗe da daina yi mata amfani a kan ƙananan rubutu irin na inji.

Shugaba ya gyara murya. Shi ma ɗalibinta ne shekara ashirin da suka wuce, har yau kuma in ta shigo ofishinsa sai ya miƙe tsaye bai sani ba. Da Turanci aka rubuta wasiƙar, babu suna, babu sa hannu, an turo ta ta ƙarƙashin ƙofa da sassafe. Abin da take cewa ba shi da yawa. Ko da yake babu malamin Turancin da ya kama ƙafar Malama a makarantar nan, idonta ya daina ganin abin da ke gabanta, kuma tun da yake ranar Talata saura ƙiris motar bas ta banke ta a titin da ke gaban makaranta, ya kamata a tilasta mata zuwa asibiti kafin a yi da-na-sani. A ƙasa an ce an aika wa hukumar makaranta irinta.

Abin mamaki, ba maganar idon ce ta fara dukan Malama ba. Ginin wasiƙar ne. Shekara ashirin da bakwai tana koya wa yara yadda ake haɗa gajerun jimloli su zama jimla ɗaya mai numfashi, kuma tana da hanyarta da ba ta cikin kowane littafi. Ka rubuta gajerun jimloli uku, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Ka ja kibiya daga ta farko zuwa ta biyu, daga ta biyu zuwa ta uku. A kan kowace kibiya ka ɗora kalmar da za ta ƙulla su. Ka fara da yabo, ka kawo dalili, sannan ka yanke hukunci. Yawan cewa "ku ƙulla, ku ƙulla" ne ya sa yara suka laƙaba mata sunan, har ya bi ta gida. To ga wasiƙar nan, yabo, dalili, hukunci, babu inda ta yi tuntuɓe. Wanda ya rubuta ta a hannunta ya koya, ko shakka babu.

Shugaba ya ce shi ba ya son abin da zai faɗa, amma tunda magana ta kai ga hukuma hannunsa a ɗaure yake. Yana buƙatar takardar likitan ido ranar Litinin. Kafin nan, daga gobe Juma'a, sabon malamin Turanci zai riƙe mata ajin ƙarshe.

"Sati takwas ya rage a yi jarrabawa," in ji Malama.

"Na sani, Malama."

"Shekara goma sha tara ajin nan yana hannuna."

Shi dai sai juya biro yake yi. Ita kuwa ta san abin da takardar likita za ta ce, don an riga an faɗa mata shekara uku da suka wuce. Yanar ido ce ta rufe na hagu, tana kuma bin na dama. An ce ta zo a yi mata aiki, ta ce bayan jarrabawa. Jarrabawa ta wuce, wani ajin ya shigo, ta sake cewa bayan jarrabawa. In aka kwantar da ita yanzu, yaran nan sun fita daga hannunta ke nan, kuma wa ya san ko za a mayar mata da ajin in ta dawo.

Tana fita ta shiga lissafin wanda ya rubuta, ta fara da shi kansa shugaban. Yadda ya karanta wasiƙar bai tsaya ko sau ɗaya ba, kamar wanda ya haddace. Ai kuwa, mutum ya rubuta abu da hannunsa, ya tura ta ƙarƙashin ƙofarsa, ya zo yana juya maka biro. Amma kafin ta kai ƙarshen baranda ta tuna ita ce ta koya masa karatu babu gargada, da rula a hannunta. Ta ajiye shi gefe, ba don ta wanke shi ba.

A ofishin malamai ta iske wanda ya fi kowa cin riba, sabon malamin Turancin. Ɗan Digiri ake ce masa a bayan idonsa, saboda ba ya iya kai ƙarshen hira bai ambaci jami'ar da ya yi ba. Yana ganinta ya tashi ya ja mata kujera, ya ce, "Sannu da zuwa, Mama." Mama! Tun zuwansa makarantar take jin haushin wannan Mamar, yau kuwa ji ta yi kamar ya ce mata tsohuwa. Ya tambaye ta ko ya haɗa mata shayi. Ta ce a ranta, lallai, ka cuce ni kuma ka ba ni shayi. Ba ɗalibinta ba ne, gaskiya, amma zangon farko gaba ɗaya a bayan ajinta ya yi shi, yana rubuce-rubuce wai yana koyon aiki. Ashe aikin da yake koyo ke nan.

Sai ta ɗana masa tarko. Ta ce ya taimaka ya rubuta wa iyayen yara gajeriyar sanarwa da Turanci kan darasin ranar Asabar, ya yabi ƙoƙarin yaran, ya faɗi dalilin darasin, ya ce kowa ya zo. Ya zauna da murnarsa ya rubuta. Ta ce ya karanta mata ta ji yadda za ta shiga kunne. Da ya fara, sai ta gane tarkonta bai kama komai ba. Jimlolin gutsi-gutsi kamar an yanka albasa, kowacce tsaye ita kaɗai ba ruwanta da 'yar'uwarta. Wannan ko an ɗaure shi a bishiya ba zai iya rubuta waccan wasiƙar ba. Ta ce masa ta yi kyau. Baƙin cikinta ya zama biyu: ba ta kama ɓarawonta ba, ga kuma wanda za a damƙa wa yaranta gobe.

Ƙarfe goma sha ɗaya ta shiga ajin ƙarshe. Taku tara ne daga ƙofa zuwa tebur, ta daɗe da ƙirga su. Yara arba'in da biyu suka miƙe suka gaishe ta. Fuskokinsu sun daɗe da zame mata dishi-dishi, amma ta san kowa da muryarsa da mazauninsa, har da mai jan hanci a layi na uku. Rubutunta a allo kuwa manya-manya ne, yara suna ɗauka salonta ne kawai. Yau da ta tsaya a gabansu, sai ta ji abin da ba ta taɓa ji ba. Dukansu sun iya kibiya. Dukansu suna bin titin nan da safe. Ko wanne a cikinsu zai iya biyan mai shagon buga takardu.

Ta ɗauki alli ta rubuta jimloli uku da Turanci. Matar ta tsallaka titi. Ba ta ga motar ba. Direba ya taka birki. Ta juyo ta ce a ƙulla mata su, ta kasa kunne ko za ta ji dariya ƙasa-ƙasa, ko wani ya zunguri wani. Shiru, sai ƙarar biro a kan takarda. Wata yarinya a layin gaba ta tashi ta ƙulla su tsaf, ba inda za ka sa jan biro. Malama ta tsaya tana auna muryarta, tana neman rawa a ciki. Har ta buɗe baki za ta tambaye ta inda take ranar Talata da safe, sai kunya ta kama ta. Yarinyar da ta koya wa abu, ta iya, shi ne ya zama laifinta? Ta ce mata madalla, ta zauna. Ba ta faɗa musu cewa daga gobe wani ne zai shigo ba, don ba ta yarda da muryarta ba.

Da aka tashi ta biya ta wurin sakatariya, ita ma tsohuwar ɗalibarta, wadda ita ta fara tsintar wasiƙar. Malama ta zauna ta yi ta kewaye-kewaye, tana tambayar lafiyar yara, sannan ta jefa tambayar ko a injin makaranta aka buga. Sakatariya ta rantse ba a nan ba ne, injinsu yana barin baƙin layi a gefe, wannan kuwa fes take. Ta yi saurin rantsuwar, Malama ta lura.

"Ko ma wane ne, mai tsafta ne," in ji sakatariya. "Ninkin takardar nan kamar an bi shi da dutsen guga, Malama. Ni ban taɓa ganin wasiƙar ƙorafi da aka lallaɓa haka ba."

Malama ta ce Allah ya saka wa mai tsaftar, ta tashi. A bakin ƙofa ta tsayar da maigadi ta tambaye shi su waye a wurin ranar Talata. Ya ce mutane da yawa. Ta ce ta tuna wani ya daka wa direban tsawa daga bayanta tun kafin ya taka birki, wane ne shi? Maigadi ya ce shi fa bai lura ba, ya shiga gyara kwaɗon ƙofar da ba abin da ya same shi. Shi ma akwai abin da ya sani. Kai, yau kowa akwai abin da ya sani, ita kaɗai ce aka bari a duhu.

Ta tsaya a bakin titi ta jira har ta ji wasu mata biyu za su tsallaka, ta manne musu. Haka take yi kullum. Ranar Talata ce kawai ta makara ba ta jira kowa ba.

A cikin bas abu ɗaya ne ya ɗan sanyaya mata rai. Wasiƙar ba ta ambaci babban sirrinta ba. Shekara biyu ke nan ba ta duba takardar ɗalibi ko ɗaya da idonta ba. Maigidanta tela ne, shagonsa shi ne ɗakin gaba na gidansu. Kullum ƙarfe biyar na yamma yakan rufe keken ɗinki, ya jawo benci, ya ɗauki takardun yara ya karanta mata ɗaya bayan ɗaya da Turancinsa na ɗan firamare. Ita tana kishingiɗe da ido a rufe, tana cewa tsaya, koma baya, ja layi a nan, rubuta masa cewa jimlar nan marainiya ce ya nemo mata 'yar'uwa. Shi ke riƙe da jan biron. Farkon abin yakan yi tuntuɓe a kowane layi har ta yi masa tsawa kamar ɗan aji ɗaya, shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "A yi haƙuri da mu, Malama, mu keke muka karanta." Da hukuma ta ji wannan, ba asibiti za a tura ta ba, gida za a tura ta gaba ɗaya. To alhamdu lillahi, magabcin nata bai san shi ba.

Ta iso gida da wuri fiye da kullum. Shagon a buɗe, keke a rufe da ƙyalle, maƙwabci ya ce maigidan ya je kai wa wani ɗinki. Ta riga ta yanke shawara a hanya. Za ta rubuta wa hukuma martani da hannunta, ta nuna musu cewa mai wasiƙar nan matsoraci ne, in ya isa ya sa sunansa. Tana buƙatar biro mai kaurin baki da babbar takarda, ta san kuma yana ajiye irinsu a aljihun teburin yanka. Ta jawo aljihun tana laluba. Almakashi, tef na awo, guntun alli, sai littafin da yake rubuta awon mutane. Ta ce bari ta yago takarda daga bayansa.

Bayan littafin ba fari ba ne. Ko da idonta ta ga shafin cike yake, da irin manyan haruffansa na mai rubuta faɗin kafaɗa da tsawon hannu. Abin da ya tsayar da ita layuka ne masu lanƙwasa, daga sama suna gangarowa ƙasa. Ta ciro gilashin ƙara girman rubutu daga jakarta, ta matsa bakin taga.

Jimloli uku ne da Turanci, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Ita ce malamar da ta fi kowa. Ba ta gani. Dole ta je asibiti. Ga kibiya daga ta farko zuwa ta biyu, an ɗora mata kalma, an soke, an sake ɗora wata. Ta buɗe shafi na gaba, su ne dai, sun ɗan ƙara tsawo. Na gaba ma haka. A wani shafin ya rubuta cewa mijinta ne ke karanta mata takardu, sannan ya bi layin ya murje shi da ƙarfi har biro ya huda takardar. Ta ƙirga, sau goma sha ɗaya ya rubuta. Na farko-farkon tawadarsu ta fara kodewa, an yi watanni da rubuta su. A na ƙarshen ne kawai motar bas ta shigo.

Ba ta san tsawon lokacin da ta yi a tsaye ba. Ta zargi shugaba, ta zargi yaro mai shayi, ta kusa tozarta 'yar mutane a gaban aji. Mutumin da ya fi kowa zama a ajinta, shekara biyu kullum ba fashi, shi ne bai ko faɗo mata a rai ba, don a wurinta shi tela ne kawai mai karanta mata takarda.

Ta ji takunsa, ta ji ya tsaya cak a bakin ƙofa. Bai yi sallama ba, ita ma ba ta juyo ba.

"Ka goge wasiƙar da dutsen guga," ta ce.

"Ta yamutse a aljihuna."

Sai ta juyo, kuma duk abin da ta tara tun safe ta sauke masa. Ta ce ya tona mata asiri a gaban yaron da ta koya wa karatu. Ya ƙwace mata ajinta sati takwas kafin jarrabawa ya miƙa wa wanda bai iya haɗa jimla biyu ba. Suna kwana ɗaki ɗaya, suna cin abinci kwano ɗaya, amma sai ta ƙarƙashin ƙofar wani zai yi mata magana? Wane irin munafunci ne wannan? Ya bar ta ta gama. Sannan ya ce ya yi mata magana da baki shekara uku, 'ya'yansu sun yi ta waya, yayarta ta zo takanas ta yi, kowa amsa ɗaya yake samu, bayan jarrabawa. Ya ce ya gane cewa ita ba ta jin magana sai wadda aka rubuta da Turanci aka kai ofis.

"Wa ya gaya maka zancen bas?" ta ce. "Maigadi ne ko?"

"Ba wanda ya gaya min. Ni na yi wa direban tsawa."

Ya ci gaba da cewa:

"Wata bakwai ke nan ina bin ki kullum da safe. In kin shiga bas ta gaba, ni in shiga ta baya. Sai na ga kin wuce ƙofar makaranta nake dawowa in buɗe shago. Akwai ranar da na tsaya kusa da ke a bakin titi, kafaɗata tana taɓa taki, kika ce min, bawan Allah, motoci sun tsaya? Na ce eh. Kika yi min godiya."

Ta tuna ranar. Ta tuna har ta ce a ranta muryar mutumin nan kamar ta baban yara. Ta lalubo benci ta zauna. Haushinsa bai bar ta ba, yana nan daram, sai dai tsoro ya zo ya zauna kusa da shi, tsoron da ta yi shekara uku tana ɗagawa zuwa bayan jarrabawa. Ta ce masa tana tsoron a taɓa idon a rasa ɗan abin da ya rage. Ya ce ya sani, shi ma yana tsoro, amma ya fi tsoron titin nan.

Wani ya leƙo yana tambayar wandonsa, maigidan ya ce gobe. Can ta miƙa masa littafin awon.

"Ɗauko jan biro. Karanta min ta ƙarshen, a hankali."

Ya karanta, bai yi tuntuɓe ba. Ta rufe ido kamar kullum. Sau ɗaya ta tsayar da shi, ta ce jimlar ƙarshe ta yi tsawo, mai karatu zai rasa numfashi, ya ja layi. Ya ja. Ta ce ya rubuta bakwai bisa goma a sama. Ya ce bakwai kawai? Ta ce shugaban makaranta da kansa shida ya fi samu a hannunta.

Sannan ta ce ranar Litinin kada ya karɓi ɗinkin kowa. Kuma in za su tafi ya daina laɓe-laɓe a bayanta kamar ɓarawo, ya zo ya riƙe mata jaka. Takardun yaran da ke cikin jakar kuwa, gobe zai kai wa Ɗan Digiri da kansa, ya zauna ya nuna masa yadda ake jan kibiya, tunda ya iya.

"Amma na yau ni zan duba su," ta ce. "Ƙarfe nawa?"

"Biyar saura."

Ya jawo benci, ya ɗauki takardar da ke sama, ya fara karantawa.